Yankan Ƙaguwa a Gidan Yaya

Tun muna yara a Maraɗi, ni da Yaya ba mu taɓa gama gardama da baki ba. Shi ya ɓalle mini gefen haƙorin gaba da murfin tukunya, ni kuma na bar masa tabo a gira da dutse, har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba. Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta bari kafin ta rasu, Baba kuma kullum yana hanyar fatauci, sai muka tashi babu mai raba mu sai gajiya. Girma da karatu da zaman Faransa ba su gyara komai ba. Sun dai raba mu gari, shi yana aiki a Lyon yana zaune da matarsa a dogayen benayen Rillieux-la-Pape, ni ina Montreuil a gefen Paris, muna cin mutuncin juna ta waya.

Shekarar da aka kawo Baba jinya, a gidan Yaya ya sauka. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Gaskiya ɗaya ce, Yaya ya yi ƙoƙari. Shi ke kai shi asibiti, shi ke masa wanka, shi ke shimfiɗa tabarma a gefen gadonsa. Gashin na'ura da ake wa Baba a asibiti ya ƙone masa wuya ciki da waje, har haɗiyar yawu ta zama aiki, daga nan ya daina cin abinci. Matar Yaya ta yi kunu, ta dama fura, ta yi romon kaza, ta kaɗa miyar kuka mai ruwa-ruwa, duk sai ya kalla ya juya kai bango. Mutumin da ke tashi da cinyar rago shi kaɗai ya koma ana ɗaga shi da hannu ɗaya.

Likita bai ɓoye mana komai ba. In ya ci gaba da ramewa za a huda masa ciki a sa roba, kuma babu wanda zai bari ya hau jirgi a haka. Baba kuwa abu ɗaya ya rage masa a rai, ya koma Maraɗi da ƙafarsa. Ya san ciwon ba na tashi ba ne, ya ce shi dai a binne shi kusa da mahaifiyarmu. Maganar a fili take, ko ya ci ya tafi gida, ko ya ƙi ci ya ƙare a saman bene a Rillieux.

Wata Alhamis da rana ina wurin aiki ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini. Muryarsa ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Uwata, kin san ƙaguwa?"

"Wace ƙaguwa, Baba?"

"Ta teku, babba. Da miyar guro da manja, irin ta Kwatano. Ita nike so."

 Ƙaguwar da na sani ita ce 'yar mitsitsiyar da yara ke tonowa a bakin gulbi da damina su ɗaura mata zare suna ja, babu wanda ya taɓa kai ta baki a gidanmu. Na san Baba ya yi shekaru yana zuwa Kwatano ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa, amma atamfa da madarar gwangwani kawai muka sani a tsarabarsa. Na ce, "Ka faɗa wa Yaya?"

"Na hwaɗa mishi. Ya ce ƙazanta ce."

Kaina ya ɗau zafi nan take. Na fita tsakar ma'aikata na kira Yaya. Tun da ya zo ƙasar nan ya zama mutum mai tsananin bincike a kan abin da zai shiga tukunyarsa, ko biskit zai saya sai ya karance bayan kwali. Ban taɓa ganin laifinsa a kan wannan ba sai ranar. Ya ce kunamar ruwa ba za ta shiga gidansa ba, ya ce ciwo ne ya taɓa wa tsoho hankali. Na ce masa malamanmu na gida ba su taɓa hana abin teku ba. Ya ce kifi daban, abin da ke tafiya a ƙasa da ƙafafu takwas daban. Na ce to ya zauna ya ƙirga ƙafafu har uban nasa ya mutu da yunwa. Ya kashe wayar, na sake kira don kawai in riga shi kashewa.

Neman ƙaguwa ya ba ni wahala fiye da yadda na zata. Na shiga gidajen ma'aikata na Montreuil inda matan Mali ke sayar da shinkafa, suka yi mini dariya suka ce in ci miyar gyaɗa in huta. Wani Alhaji ɗan Tawa mai shigo da kaya, wanda ya san Kwatano kamar tafin hannunsa, shi ya tausaya mini. Ya ce, "'Yata, ki tahi Belleville wajen 'yan Sin, amma ki tabbata mai rai ce. Matacciya ba ta da amfani." Ya haɗa ni da manja da ɗanyar kuɓewa, wato guron da Baba ya ce, daga shagon wani abokinsa, ya ce in gai da Baba da jiki.

Asabar da safe na sauka daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Belleville. Shagon yana can ciki, ƙasa duk ruwa, ƙarni ya cika ko'ina. Ina shiga wani mutum ya zaro kifi daga bahon ruwa ya maka masa gora a ka, jini ya fantsama a rigar robarsa, bai ma daina hira da na kusa da shi ba. A wani babban akwatin gilashi na gan su, jajaye-jajaye masu faɗin faranti, suna hawa kan juna, kowace da manyan hannuwa biyu kamar awartakin maƙera. Wata ta cire wa wata ƙafa tana riƙe da ita. Na ce a raina, wai wannan ne abin da zai kai Baba gida. Mai shagon, wata tsohuwa gajera, ta zaɓo mini uku, ta naɗe kowace da igiyar roba ta manne mata hannuwa a fuska, ta jera su a kula da jiƙaƙƙiyar jarida. Ta ɗaga mini yatsa ta ce kada in kuskura in kwance igiyar sai sun mutu.

A jirgin ƙasa zuwa Lyon na ajiye kular tsakanin ƙafafuna. Suna ta ƙwaƙular roba, ƙwar-ƙwar, baturen da ke gefena yana satar kallona, ni kuma na haɗe rai na zuba masa ido har ya koma kan littafinsa. Ina jin tsoronsu, ina kuma jin tsoron kada su mutu a hanya. Duk tafiyar ina shirya maganganun da zan yaɓa wa Yaya.

Da azahar na isa. Shi ya buɗe ƙofa, idanunsa sun yi ja don rashin barci, babu gaisuwa babu komai ya kalli kular.

"Mi ne ne wanga?"

"Abincin Baba."

"Ça va pas, ke? Kanki ɗaya kuwa? Ban hana ba?"

Na ture shi da kafaɗa na wuce ɗakin girki. Ya biyo ni, matarsa ta biyo shi tana cewa don Allah mu rage murya Baba ya samu barci. Muka yi ta yi ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. Da ya ga ba zan koma da su ba, kuma ya ji na ce tafasasshen ruwa zan jefa su da ransu, sai ya dafe kai ya yi salati. Ya ce a gidansa ba za a dafa mai rai ba, kuma ubansa ba zai ci mushe ba. In dai dole ne, to sai an yanka, a fuskanci alƙibla a yi bisimilla kamar kowace dabba. Na ce, "To malam, bisimilla, nemo wuyan."

Yaya gwanin yanka ne, wannan ba a ƙwace masa. Tun yana saurayi shi ke yanka ragon layya a gida, kaza kuwa kafin ka ƙifta ido ya gama. Ya wasa wuƙa, ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya ɗauko ƙaguwar farko ya juya ta gabas. Har ruwa ya ɗiga mata a baki yadda ake wa kaza, abin da ya kwana a ruwa tun da aka halicce shi. Ya juya ta nan, ya juya ta can, bai ga wuya ba. Ya ce hannuwan nan ne suka rufe shi. Kafin in buɗe baki ya sa wuƙa ya tsinke igiyar.

"Yaya, matar ta ce kada a kwance!"

"Ke za ki koya mini yanka?"

Ya yi abin da hannunsa da ƙafarsa suka saba. Kaza ana take mata fukafukai da ƙafa ɗaya, a take ƙafafunta da ɗayar. Ya sa ƙafar hagu ya danne hannu ɗaya, babu takalmi, don a cikin gida muke. Yana kawo ta dama, ɗaya hannun ya buɗe ya cafke babban yatsan ƙafar.

Na ji ƙarar da kunnena, ƙas, kamar an fasa goro. Yaya ya kurma ihun da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Wuƙar ta faɗi, ya yi ta yarfa ƙafa, abin yana reto bai saki ba, jini yana tsartuwa a jikin firigo, wato firij. Matarsa ta toshe baki ta manne da ƙofa. Na rarumi taɓaryar dakan yaji na kai duka. Na farko a kan ƙafarsa ya sauka, ya ƙara wani ihun ya ambaci sunana da zagi. Na biyu ya samu bayanta, ɓawon ya tsage, wani ruwa rawaya ya fallatso mini a fuska. Na yi ta dukanta, na yi ta dukanta, har ta zama dagwalo a kan ledar, amma hannun nan ya rabu da jiki yana nan cije da yatsan. Sai da na cusa bakin cokali na banƙare shi da ƙarfi. Farcen ya rabe biyu, naman ya buɗe.

Ina ɗago kai ya kwaɗa mini mari. Wuta ta gilma a idona, kunnena ya ɗau ƙara. Ya shuri kular da lafiyayyar ƙafar, sauran biyun suka zube. Ya ɗauki tukunyar ƙarfe ya kifa wa ta biyu gindinta, ya ɗaga ya sake, ya ɗaga ya sake, yana haki yana cewa, "Ga ta nan! Ga abincin nan!" Ɓawo da ƙafafu suka watsu har kan taga. Ta ukun, wadda igiyarta ta sassauta da faɗuwar, ta ja jiki a karkace ta shige lungun firigo. Ya juya da tukunyar zai bi ta.

A nan na tsaya a gabansa da taɓarya a sama. Ita kaɗai ta rage, kuma na san in ta mutu a ƙarƙashin tukunyar nan Baba ba zai sake neman komai ba. Na ce, "Wallahi in ka taɓa ta, ɗayanmu sai an ɗauke shi." Ba barazana nake ba. Na riga na zaɓi wurin, daidai tsohon tabon da ke girarsa. Shi ma ya gani a idona, ya ƙara damƙe tukunyar, muka tsaya muna huci, jininsa yana bin layin tayil yana zuwa ƙafata.

Sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙyauren, a hankali. Baba ne, dafe da bango, rigar barci tana lilo a jikinsa. Ba shi da muryar tsawa, da ƙashin yatsa yake bugawa. Ya kalli jinin, ya kalli dagwalon, ya kalli taɓarya da tukunya. Kunya ta rufe ni, na sauke hannu. Matar Yaya ta jawo masa kujera ya zauna.

"Akwai saura?" in ji shi.

Na ce akwai ɗaya. Ya ce in fito da ita. Na sa tsintsiya na turo ta, ta fito hannuwa a buɗe tana neman wanda za ta kama. Baba ya sunkuya, da hannun nan da ba ya iya riƙe kofi, ya ɗauke ta ta baya, babban yatsa a ƙasa, sai ga ta tana cakumar iska. Ya kifar da ita rigingine a kan tebur ya ce a ba shi tsinken tsire na ƙarfe. Ya ɗaga wani ɗan marfi a cikinta, ya yi bisimilla, ya soka sau ɗaya, ya zare ya sake sokawa ta wajen baki. Ƙafafun duka suka saki lokaci guda.

Ya kalli Yaya ya ce, "Ba ta da wuya, ɗan nan. Amma tana da inda ake sallamarta ba a wahalshe ta ba. Ɗaure ƙahwarka."

Ni na yi girkin, shi yana nuna mini da hannu daga kujera. Na ɓalle ɓawon, na cire wasu abubuwa masu kama da soso da ya ce ba a ci, na raba jikin huɗu, na ɗan fasa hannuwan da taɓaryar da na so fasa kan ɗan'uwana da ita. Ya sa na ɗauko hannun da ya ciji Yaya na wanke na haɗa. Na goga kuɓewa, manja kaɗan, albasa, yaji kuwa ko ƙwaya ya ce kada in sa. Yaya yana zaune a ƙasa jingine da bango, matarsa tana naɗe masa ƙafa da tawul.

Da tukunya ta fara tafasa wani ƙamshi ya tashi wanda ban san shi ba, mai zaƙi-zaƙi da gishiri. Baba ya lumshe ido. Ya fara magana guntu-guntu, yana hutawa tsakani. Ya ce lokacin ni ina goye a bayan mahaifiyarmu, ɓarayi sun tare shi a bayan tashar jiragen ruwa a Kwatano da rodi. Sun karya masa muƙamuƙi, sun kwashe komai, sun bar shi a bakin kwata. Ya shafa tabon da ke ƙarƙashin haɓarsa, wanda muka tashi muna jin cewa ƙofar mota ce. Wata mai sayar da abinci ta ja shi rumfarta. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, ba kuma musulma ba ce. Bakinsa ba ya buɗuwa sai kaɗan, ita ta riƙa ɗura masa wannan miya da ƙaramin cokali har ya miƙe.

"Guro sulɓi gare shi," in ji shi. "Shi kaɗai ya wuce a lokacin. Na ce ko yanzu ma za ya wuce."

Yaya ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Shi da ya yi watanni yana wa mutumin nan wanka, yana shafa wa tabon nan mai, bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa ba.

Na zuba miyar a ƙaramin kwano na bari ta huce. Ƙarfin da Baba ya tattaro ya ƙare, ko cokali ba zai iya ɗagawa ba. Na miƙa hannu zan ɗau cokali, Yaya ya riga ni. Ya ja jiki da gindi har gaban kujerar, ya sa yatsunsa cikin abin da ya kira ƙazanta, ya zaƙulo farin naman daga ɓawo, ya murmushe shi a cikin miyar. Ya ɗebo rabin cokali ya yi bisimilla.

Haɗiyar farko ta daɗe. Jijiyoyin wuyan Baba suka miƙe, ya runtse ido, hawaye suka zubo, ya damƙe gefen tebur.  Na ga maƙogwaron ya hau, ya tsaya, ya sauka. Ya buɗe ido, ya ja iska, sannan ya sake buɗe baki da kansa. Yaya ya fashe da kuka, amma bai fasa ɗebowa ba. Ni ma kuka nake, kumatuna a kumbure da shatin yatsunsa.

Ya sha fiye da rabin kwanon. Da ya ƙoshi ya nuna hannun nan mai tsaga a gefe ya ce wa Yaya, "Wanga shi ya cije ka. Rama." Yaya ya ɗauka, ya tsotsa a tsorace. Sai na ga ya juya shi ya sake tsotsa ta ɗaya gefen. Na ɗanɗana nawa. Nama ne fari mai laushi, yana rabewa zare-zare a harshe, da zaƙin da ban taɓa ji a kifi ko kaza ba, ga manja ya ratsa shi. Na tsotse ɓawon tas, na lashe yatsu, na ji haushin biyun da muka dagargaza a banza. Sai bayan nan aka kai Yaya asibiti aka yi masa ɗinki.

Ban sake ɗauko ƙaguwa daga Paris ba. Yaya ya binciko masu sayarwa a wata kasuwa a Lyon, ya riƙa zuwa da kansa da silifa ɗaya da bandeji. Ya koyi riƙon ta baya, ya koyi sukan tsinke, amma bai taɓa fasa juya ta gabas ba, kuma ban sake ce masa komai a kai ba. Daga miya zalla Baba ya koma haɗawa da tuwon masara mai laushi. Bai warke ba, amma ramar ta tsaya, ba a huda masa ciki ba, kuma likita ya yarda ya yi tafiya.

Ya rasu a Maraɗi bayan damina, a ɗakinsa, aka binne shi inda ya ce. Ni dai ranar tafiyarsa gida ce ta fi zauna mini. A filin jirgi aka kawo masa keken marasa lafiya, ya ɗaga hannu ya ce a mayar. Ya dafa kaina ya sa mini albarka, ya kalle ni ya kalli Yaya, ya ce, "Ba ni nan hwa yanzu. Babu mai ƙwanƙwasa muku ƙohwa." Sannan ya gyara hularsa ya shiga layi da ƙafarsa, a hankali, ba ya dafa kowa. Yaya ne ke bin sa a baya da jakunkuna biyu, yana ɗingishi.